Ranar da Inji Ya Jira Rumbun Baba

A shekarun da kuɗin mai ya cika ƙasa, lokacin da kowane magidanci a karkara ke son sabon keke da rediyo mai batir, ina ƙaramin ma'aikaci a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Aikina karanta gaisuwar masu saurare. Na daɗe ina roƙon a ba ni shirin kimiyya, har aka gaji da ni aka ba ni rubu'in awa duk ranar Laraba, a kan gwaji. Na yi shiri a kan takin zamani, na yi a kan allurar shanu, na yi a kan dalilin da ke sa batir ya mutu. Shugaban sashenmu, wani dattijo mai tabarau wanda ya koya wa yawancinmu yadda ake numfashi a gaban makirufo, bai ce uffan ba sai ranar da na kai masa rubutun shirin kwamfuta.

Ya karanta shafin farko, ya ajiye.

"Malam, wannan Hausa ce?"

"Hausa ce, Yallaɓai."

"Kalmomin Hausa ne, na yarda. Amma ban gane ba, kuma ni biyana ake yi in gane. Manomin da ya dawo daga gona a Sabuwa ba mai biyansa. Murɗa tashar zai yi."

Na ce zan gyara. Ya ce in kawo masa shirin a tef kafin ƙarshen wata. In ya bi shi daga farko har ƙarshe, Laraba tawa ce. In ya ɓace a hanya, Laraba ta koma wa makaɗa, ni kuma in koma gaisuwa. Ba da fushi ya faɗa ba, kuma na san ba ya canja magana.

Abin da ya sa na ɗauko kwamfuta tun farko shi ne yayana. Ya karanci aikin lantarki, ya samu aiki da wata hukumar raya aikin gona, aka ajiye shi a ofishinsu na Faskari. A can suna da wata na'ura da ke tara awon amfanin gona daga ƙauyukan Faskari da Kankara da Sabuwa, tana fitar da lissafin yadda damina ta kasance. Daga bakinsa na kwashi rubutun da shugaba ya ƙi. Saboda haka na ɗauki rikodar ofis, na hau mota, na koma wurinsa.

Ɗakin na'urar shi ne wuri mafi sanyi a Faskari. Janareta na ruri a bayan gini, ana cire takalmi a ƙofa saboda ƙura. Yaya ya kwance murfin akwatin da sukudireba, ya nuna mini wani koren allo, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan baƙin abu da bai kai tsawon yatsan ba.

"Wannan shi ne furosesa. Kai ka kira shi ƙwaƙwalwa, tunda ita ke lissafi. Ka san transista?"

Na sani, ko kuma ina tsammanin na sani, domin sunan yana rubuce a jikin kowace rediyo a kasuwa. Ya ce a nan transista ƙofa ce ta lantarki, ko dai tana buɗe ko tana rufe, kuma dubbai ne a cikin wannan ɗan baƙin abu. Akwai agogo a cikin na'urar da ke bugawa ba tsayawa. Da kowane bugu ƙofofin ke canja zama, da canjin ne lissafi ke matsawa gaba. In aka samu ƙofofin da suka fi saurin buɗewa da rufewa, ana iya ƙara wa agogon sauri, ƙwaƙwalwar ta yi matakai da yawa a cikin lokaci guda.

"Shi ya sa muka sa sabuwa kwanan nan," in ji shi. "Ta fi tsohuwar sauri nesa ba kusa ba. Aikin da muke sawa da safe ya ƙare da azahar, na ɗauka zai ƙare da hantsi."

"Ya ƙare?"

"Dab da azahar yake ƙarewa."

Ya matsar da yatsansa zuwa wani layin ƙananan baƙaƙen abubuwa a ɗaya gefen allon. Ya ce wannan ita ce memori, ma'adana. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe komai sai ɗan abin da ke hannunta. Lambobin da za ta lissafa, da umarnin da za ta bi, duk suna cikin ma'adana, kowane mataki sai ta aika an ɗauko mata. Sabuwar ƙwaƙwalwar tana aikawa da sauri, amma ma'adanar tsohuwa ce, ba ta iya amsawa a kan lokaci. Dole ya saita na'urar ta riƙa barin bugun agogo yana wucewa ba ta yi komai ba, har amsa ta iso.

Na rubuta duka. Na sake karantawa a masauki, ban ga kuskure ko ɗaya ba. Na kuma san daidai inda shugaba zai ɓace: a wurin agogo. Abin da mutum bai taɓa gani ba, bai taɓa ji ba, na jera masa shi a kan wani abin da shi ma bai taɓa gani ba.

Da na faɗa wa Yaya damuwata, ya ce in bar ta tukuna, gobe gida za mu, domin injin sussuka zai zo Ruwan Godiya kuma Baba na bukatar hannu.

A gidanmu akwai babban rumbu na ƙasa wanda kakanmu ya gina. Kakanmu ya rayu ya mutu a kan addinin gargajiya. Baba ya musulunta tun yana saurayi, ya bar abubuwa da yawa na gidan, amma akwai wanda bai bari ba: ƙafar kowa ba ta shiga babban rumbu sai ta maigida. Yakan cire takalmi, ya hau tsani, ya ɗage jinkar, ya yi bisimilla a inda mahaifinsa ke faɗin wani abu dabam, sannan ya zura jikinsa ta bakin da ke sama. Mun tashi muna ganin haka kamar yadda muke ganin fitowar rana, ba mu taɓa tambaya ba.

A shekarar nan gara ta ci gindin rumbun, bango ya tsage daga ƙasa har tsakiya. An yanke shawarar rushe shi kafin damina. Sai dai cike yake da dammunan dawa, kuma ba inda za a kai su sai an sussuke an zuba a buhu. Hukumar su Yaya tana da injin sussuka da tarakta ke ja daga ƙauye zuwa ƙauye, kowace unguwa wuni ɗaya. Washegari za a wuce da shi Mabai, daga can kuma sai Sabuwa. In bai gama mana ba, abin da ya rage na turmi da taɓarya ne.

Mai injin wani gajeren mutum ne daga Kankara, mai son magana. Tun kafin ya kwance igiyoyi ya fara.

"Baba, wanda kuka gani bara jaki ne. Wannan doki ne. Kafin azahar mun gama, har in samu in yi wanka in sha fura."

Gwaggo, yayar Baba, tana zaune a kan turmin da aka kifa, tana ɗinke bakin wani buhu. Ita kaɗai ce a gidan ke iya gaya wa Baba abin da ta ga dama.

"Mu gani a ƙasa, ɗan Kankara," in ji ta. "Ku baki gare ku."

Aka tsara aiki. Baba a cikin rumbu yana ɗago dami sama da kansa, Yaya a kan tsani yana karɓa, 'yan uwanmu maza biyu suna kwancewa suna miƙa wa mai inji. Mata suna bakin mazubi da buhuna. Ni aka bar ni da rikodata, domin na ce ina son ƙarar injin saboda wani shirin noma. Gwaggo ta ce ai dama hannun ɗan rediyo ba na dami ba ne.

Da farko abin ya yi kyau. Rumbun a cike yake, Baba na tsaye a kan dawa, kafaɗunsa a waje. Injin kuwa gaskiya mai shi ya faɗa, kafin ka kalli dami ka kalli buhu ya haɗiye shi. Amma duk damin da ya fita, Baba na ƙara nitsewa. Kafaɗu suka ɓace, sannan hula. Can sai hannuwa kawai ake gani suna turo dami, a jima, a sake ganinsu.

Ina sanye da abin saurare a kunne, saboda haka ni na fara lura. Injin murya biyu gare shi. In yana cin dawa, muryar mai kauri ce, tana da nauyi. In ya cinye, sai ta koma siririya, tana kuka sama-sama, ƙarfe na juyawa a kan iska. Da hantsi ya yi, siririyar ta fi mai kaurin tsawo.

Mai inji ya leƙa wajen rumbu ya ɗaga murya.

"Baba, a ƙara hannu."

Daga ciki amsa ta fito kamar daga rijiya. "Hannu biyu Allah ya ba ni."

"To mutum biyu su shiga su taya ka mana."

'Yan uwanmu suka dubi ƙasa. Gwaggo ta cire allura daga bakinta.

"Kai baƙo ne, shi ya sa. Ni na goya shi, ni na yaye shi da koko, ban taɓa ganin cikin rumbun wanga ba. Kai da ka zo da sahe za ka sa mutum ciki?"

Mai inji ya ba da haƙuri. Sannan ya yi abin da ya iya: ya koma ya ƙara wa injin totur. Ƙara ta ƙaru, hayaƙi ya ƙaru, murfin injin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Dami na shiga yana ɓacewa da sauri fiye da da. Buhunan kuwa suna cika yadda suke cika tun farko. Abin da ya ƙaru kawai shi ne tsawon siririyar muryar nan a kunnena.

Na cire abin sauraren, na je gindin tsani.

"Yaya, wannan ba shi ne na ofishinku ba?"

Ya tsaya da dami a kafaɗa. Ya dubi injin, ya dubi bakin rumbu, sai dariya ta kama shi har tsanin ya motsa.

"Shi ne. Wallahi shi ne. Ka ji bugun da ke wucewa a banza ke nan."

"Riƙe damin nan kada ka hwaɗo mini da shi," in ji Gwaggo. "Ubanku shina cikin ƙaiƙayi, ku kuna dariya."

Da azahar mai inji ya kashe injin, ya ce ba zai ƙona man gas a kan iska ba, ya zauna cin tuwo. Baba ya fito ya yi salla, ya kurɓi fura kaɗan, ya koma ciki ba tare da ya huta ba. Tunda injin a kashe yake, aka riƙa jibge dammunan a kan tamfol kusa da shi. Kafin mai inji ya wanke hannu an yi tsibi. Da aka tayar, muryar mai kauri ta ɗore ba yankewa, mata na gudu da buhuna. Tsibin na ƙarewa, siririyar ta dawo.

Na ce wa Yaya na gane, abin da na'urarsu ke bukata tamfol ne. Ya sauko ya ba wani tsanin, ya share fuska.

"Ka kusa, amma ba daidai ba ne. Manyan na'urori suna da ƙaramar ma'adana mai sauri dab da ƙwaƙwalwa, gaskiya ne. Amma dawa in ta shiga inji ba ta dawowa. Ita ƙwaƙwalwa abu ɗaya take nema ta sake nema, umarni ɗaya ta bi shi sau da yawa. Shi ya sa in ka ajiye shi kusa kake cin riba. Tsibi ƙarewa yake yi. Wancan ba ya ƙarewa."

An koya mana a gidan rediyo cewa misalin da ya kusa daidai ya fi wanda bai yi kusa ba haɗari, domin shi ake riƙewa. Na shiga cikin gida ina juya maganar. A madafa na tarar da Gwaggo ta koma duba miyar yamma. Gefen murhu akwai ɗan ƙoƙo da gishiri, da ƙullin daddawa, da guntun kanwa. Na san buhun gishirin yana ɗakinta, can ƙarshen gida. Na buɗe rikoda.

"Gwaggo, me ya sa gishirin nan yake nan, buhun kuma yana ɗaki?"

"Rediyo ta cinye maka hankali? Wace miya ce ba a sa mata gishiri? In riƙa tahiya ɗaki kowane cokali?"

"To me ya sa ba ki kwaso komai kin ajiye a nan ba?"

Ta dube ni, ta dubi ɗan filin da ke tsakanin murhu da bango.

"In zauna ina? Kuma in na tara komai nan, in nemi gishirin a cikin mi?"

Na gode mata. Ta ce in dai godiya ce, in fita in ɗauki buhu.

La'asar ta yi, rumbun bai wuce rabi da yawa ba. Mai inji ya ce shi rana na faɗuwa zai ɗaura wa tarakta, ba don rashin kunya ba, mutanen Mabai sun riga sun share fili. Baba ya fito. Ƙaiƙayi ya rufe shi har gira, ya sauko daga tsani a hankali. Ya zauna a matakin ƙarshe yana mayar da numfashi. A lokacin ya haura sittin, kuma tun safe shi kaɗai ya ɗaga duk abin da injin ya ci.

Gwaggo ta kawo masa ruwa. Ba ta yi masa tsiya ba wannan karon.

"Abin da ya rage mu za mu sha shi a turmi har ruwa ya sauka," in ji ta a hankali. "Ni dai na tsufa. Matan 'ya'yanka nike ji."

Baba ya karɓi kwanon. Ya sha ruwan, ya zuba sauran a kansa. Ya tashi ya zagaya rumbun, ya tsaya a wurin tsagar da gara ta yi, ya sa yatsa a ciki ya bi ta har inda hannunsa ya kai. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce a kawo masa diga.

Yaya ya ce bari ya yi. Baba ya ce a'a, wanda ya gina ubansa ne, shi zai fasa. Ya yi bisimilla ya kai sara. Ƙasar ta riga ta mutu, ba ta yi gardama ba. Cikin ɗan lokaci ya buɗe kafa a gefen rumbun, faɗinta ya kai na ƙofar ɗaki, daidai ƙugun mutum. Ya cire takalmi ya shiga ta nan, ya juyo ya dube mu.

"Ƙahwa a waje. Hannu kaɗai."

Maza huɗu suka jeru a bakin kafar. Baba ya daina ɗagawa sama da kai, turowa kawai yake yi, hannuwa na janyewa. Damin da ke kusa da kafar ma ba sai Baba ya taɓa ba. Dami ya riƙa fitowa bibbiyu, uku-uku. Na mayar da abin saurare a kunne: muryar mai kauri ce kaɗai, ba rata. Ba a jima ba tsibi ya fara taruwa a gaban injin, wannan karon yana aiki. Mai inji na zuba zangarniya da hannu biyu, gumi na shiga masa ido.

"Ina dokin naka, ɗan Kankara?" in ji Gwaggo. "A ƙara hannu."

"Gwaggo, hannu biyu Allah ya ba ni."

Har Baba sai da ya yi dariya daga ciki. Mai inji ya sake ƙara totur, yanzu kuwa ƙarin ya nuna, domin buhunan suka fara cika da sauri. An share gindin rumbun kafin a kira magariba. Yana ɗaure igiyoyinsa yana cewa da injin bara ne, ko an rushe rumbun gaba ɗaya ba a gamawa yau. Gaskiya ya faɗa, na kuma sa maganarsa a cikin shirin, domin ba na son kowa ya tashi da tunanin cewa saurin inji ba shi da amfani.

Da safe kafin in tafi na je gaida Baba. Yana zaune yana kallon rumbun da kafar a gefensa. Na gaya masa abin da nake son yi da abin da na ɗauka, na ce ba zan faɗi sunansa ba, amma duk wanda ya san Ruwan Godiya zai gane.

"Za ka ce na yi nawa wajen aikin?"

"Zan ce inji ya jira ka, Baba."

Ya sake duban kafar.

"Ka ce tsoho ne, kuma shi kaɗai ne. Kada ka ce ya kasa."

Na yi masa alkawari, haka kuma na faɗa.

Na haɗa shirin a kan ƙarar injin. Na fara da muryar mai kauri, sannan na bar siririyar ta yi ta kuka, ban sa magana a kanta ba. A aikinmu ba abin da ake tsoro kamar a bar iska ba magana, amma na bar ta fiye da yadda aka koya mini. Bayan nan na shigo da bayani: ga inji, ga rumbu, ga tsoho ɗaya a ciki. A cikin kwamfuta, injin shi ne ƙwaƙwalwa, saurinsa daga saurin ƙananan ƙofofin lantarki ne da ake kira transista. Rumbun shi ne ma'adana. In ka ƙara wa inji sauri ka bar rumbu yadda yake, jira ka ƙara. In ka sa rumbu ya ba da kaya da sauri, ta hanya mai faɗi, a nan ne saurin injin zai biya ka. Na kawo gishirin Gwaggo a kan ƙaramar ma'adana ta kusa, amma na yanke amsarta ta biyu saboda lokaci ya cika.

Na kai wa shugaba tef ɗin a ofishinsa. Ya sa shi da kansa, ya jingina, ya rufe ido kamar yadda ya saba. Da siririyar muryar ta yi tsawo ya buɗe ido ya kai hannu wajen na'urar.

"Me ya sami tef ɗin?"

"Lafiyarsa ƙalau, Yallaɓai. Injin ne ke jira."

"Jiran me?"

"Yanzu za a faɗa."

Ya janye hannunsa. Bai sake rufe ido ba. Da aka zo wurin ƙarin totur ya yi ɗan tsaki, ya ce shi ma da abin da zai yi ke nan. Da diga ta sauka a bango ya gyara zama. Tef ya ƙare, ya cire tabarau yana gogewa, ni kuma ina tsaye ina tunanin katunan gaisuwa da ke jirana.

"Akwai inda ka yi rashin adalci," in ji shi. "Ka ce ƙaramar ma'adanar nan ta kusa ta fi sauri. To me ya hana a yi babbar ma duka da irinta, kowa ya huta?"

Na ce irin wannan ma'adanar tana da tsada ƙwarai, kuma in ta yi girma ta daina zama kusa, neman abu a cikinta ma sai ya ɗauki lokaci. Sannan na ce akwai wadda ta fi ni iya faɗa. Na ciro guntun tef ɗin da na yanke daga aljihu, na sa masa. Muryar Gwaggo ta cika ofishin, tana tambayata inda za ta zauna.

Ya saurara sau biyu.

"Mayar da tsohuwar nan ciki. Ka rage gabatarwarka, ta yi tsawo." Ya miƙo mini tef ɗin, ya jawo wata takarda ya fara karantawa. Ina bakin ƙofa ya ƙara da cewa, ba tare da ya ɗago ba, "Laraba taka ce."

Na riƙe shirin nan shekaru masu yawa, shi ne ya zama aikina. Yaya ya samu sabuwar ma'adana bayan wasu watanni, ya cire jiran da ya saita, aikin safe ya koma ƙarewa da hantsi kamar yadda ya zata tun farko. Gwaggo ta ji muryarta a rediyon maƙwabta, ta aiko a gaya mini cewa na sa ta yi kama da mai faɗa, kuma in kawo mata atamfa. Na kai mata.

Har yau in na ji mai sayar da kwamfuta yana yabon saurin ƙwaƙwalwarta, nakan tambaye shi labarin ma'adana, kuma abin da nake ji a kunnena shi ne siririyar muryar nan. Duk ukun sun riga mu gidan gaskiya, Baba da Gwaggo da shugaba, Allah ya jiƙansu. Ban taɓa gaya wa Baba cewa aikina ya rataya a kan wannan tef ba, don ba ya son a ɗora masa godiya. Da ya gina sabon rumbu bayan damina, ya yi masa ƙofa a gefe, daidai ƙugun mutum, da murfin katako. Shi kaɗai ya ci gaba da shiga.